Masana'antu Sun Rufe, Baburansu Suna Kan Titi

A shekarar 2007 aka fito da wani babur sabo fil a Ingila, baƙi wuluk, ƙirar Vincent Black Shadow. Abin da ya sa labarinsa ya bazu shi ne masana'antar Vincent da ke garin Stevenage ta daina ƙera babura tun watan Disambar 1955, shekara 52 kafin nan. Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin mutanen kamfanin kayan gyara ne na ƙungiyar masu baburan Vincent. Ɗakin ajiyarsu suka shiga suna ɗebo sababbin kaya ɗaya bayan ɗaya, daga buloki zuwa fistin, daga tanki zuwa madigadi, har babur ya tsaya da ƙafafunsa, aka buga shi ya tashi. Nufinsu su nuna cewa duk wani ƙarfe da ke jikin wannan babur ana iya samun sabonsa.

Black Shadow ya fito ne a 1948, da inji mai silinda biyu, yana gudun mil 125 a awa, kimanin kilomita 200 ke nan, a zamanin da motar gida da ƙyar take kai mil 70. Duk waɗanda aka ƙera ba su cika 2,000 ba. Da Philip Vincent ya sanar zai daina, ya yi wa masu baburansa alkawarin ba za su rasa kayan gyara ba. Wani kamfani mai suna Harper ya riƙe alkawarin na wasu shekaru. Da abin ya fara tangal-tangal, sai masu baburan suka haɗa kuɗi a 1975 suka kafa nasu kamfanin, suka koma masu sayar wa kansu kaya.

Haka ta faru da kusan duk manyan sunayen baburan Ingila. Masana'antun sun mutu, amma sana'ar kayan gyara da hannun da ya iya ɗaura su sun rayu, kuma su ne suka riƙe waɗannan babura a kan titi har yau.

Yadda manya suka faɗi

A shekarun 1950 Ingila ce ke jan ragamar manyan babura a duniya. Kamfanin BSA na Birmingham, wanda maƙeran bindiga suka kafa a 1861, ya shiga harkar babura a 1910. A Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera wa sojoji fiye da 120,000 na ƙirar M20, ya haɗiye Ariel a 1944, ya sayi Triumph a 1951. Ga Norton, ga Matchless da AJS, ga Velocette da Royal Enfield. Kowane gari yana da dilolinsa, kowane dila yana da kantoci cike da kwalayen kayan gyara da littafin lambobinsu.

Sai ga Japanawa. Kamfanin Honda ya fara zuwa tseren tsibirin Isle of Man a 1959, sannan a 1969 ya shigo kasuwa da CB750 mai silinda huɗu, mai tashi da maɓalli, mai birkin faifai a gaba, wanda ba ya ɗigar wa mai shi da baƙin mai a ƙofar gida. Masana'antun Ingila kuwa suna nan da tsofaffin injinan ƙira, wasu tun na kafin yaƙi. Kamfanin AMC mai Matchless da AJS da Norton ya durƙushe a 1966, Royal Enfield ta Ingila ta rufe wajen 1970, Velocette a 1971, BSA a 1973. Ma'aikatan Triumph a Meriden suka mamaye masana'antarsu a Satumbar 1973 suka hana a rufe ta, suka zauna wata 18, suka karɓe ta a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa a 1975, suka yi ta fama har 1983. Daga baya aka rushe ginin aka yi gidaje a wurin, aka sa wa titunan sunayen babura, Bonneville Close da Daytona Drive.

A waɗannan shekaru tsohon babur ɗan Ingila ba shi da wata daraja. Dilolin da suka koma sayar da Honda da Yamaha sun ga kwalayen tsofaffin kaya sun tare musu wuri. Wasu suka sayar wa masu sayen ƙarafa a kan awo, wasu suka tura su can ƙuryar shago suka manta. 'Yan tsirarun da suka bi shago-shago suna kwashe su da araha su ne suka zama tushen wannan kasuwa.

Sha'awar tsohon babur dai ta riga faɗuwar masana'antun. Tun 1930 ake yin jerin gwanon Pioneer Run zuwa garin Brighton, na baburan da aka ƙera kafin 1915. A Afrilun 1946 kuma mutum 38 suka taru kusa da Guildford bisa kiran Titch Allen, suka kafa ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club, suna mai da hankali kan baburan kafin 1931. A 1967 aka fara babbar kasuwar tsofaffin kayan mota da babura a Beaulieu, wasu irinta suka biyo baya a Stafford da Newark da Kempton Park. A irin waɗannan kasuwanni ake shimfiɗa tamfol a ƙasa, a zube ƙarafa masu tsatsa a bokitai, dattijo ya tsuguna da ma'auni a hannu da littafin lambobi a aljihu, yana neman murfin giya na wata shekara guda tak.

Inci, haƙori da sifana

Wanda ya fara taɓa tsohon babur ɗan Ingila, noti ne ke fara ba shi kunya. Ya ɗauko sifana sha uku ta ƙi shiga, ya ɗauko sha huɗu ta yi sako-sako, ya matsa da ƙarfi ta zame ta cinye kusurwar notin. Dalili kuwa kan notin faɗinsa milimita 13.3 ne, domin an yanka shi ne a kan ma'aunin Whitworth, inda lambar da ke jikin sifana take nufin kaurin ƙusar, ba faɗin kanta ba.

Asalin wannan ma'auni na Joseph Whitworth ne, injiniyan Manchester da ya ga kowace maƙera tana yanka haƙoran ƙusa yadda ta ga dama. A 1841 ya kawo shawarar tsari guda, mai kusurwar digiri 55, Ingila ta bi shi. A 1908 aka ƙaro wani mai ƙananan haƙora da ake kira BSF. Masu kekuna da babura suna da nasu daban, mai haƙori 26 a kowane inci, saboda ƙananan haƙora sun fi jure girgiza. Kayan lantarki suna da nasu, mai suna BA. Bayan wahalar da aka sha a yaƙi, inda notin Amurka ya ƙi hawa ƙusar Ingila, sai ƙasashen biyu da Kanada suka amince da tsarin Unified mai digiri 60 a ƙarshen shekarun 1940. Triumph bai koma wannan tsari ba sai wajen 1968 zuwa 1969, kuma a hankali ya yi, shi ya sa ake samun babur guda na wannan lokaci da haƙora iri uku ko huɗu a jikinsa.

A jera ƙusoshi huɗu a kan benci, duk kaurinsu ɗaya a ido. Ta farko BSF ce mai haƙori 22 a inci, ta biyu Unified mai 24, ta uku ta masu kekuna mai 26, ta huɗu ta milimita takwas ce irin wadda ke kowane shago yau, mai haƙori kimanin 20. Kowacce za ta shiga ramin 'yar'uwarta zagaye ɗaya ko biyu, sai ta cije. Mai gaggawa zai ƙara ƙarfi. Idan ramin a jikin alminiyon yake, kamar murfin inji ko kan silinda, ƙusar za ta share haƙoran ta fito da su kamar gari. Sai an faɗaɗa ramin an dasa masa sabon haƙori na waya kafin ya sake riƙe komai. Da yawa daga cikin baburan da ake tsinta a rumfuna suna ɗauke da irin wannan tabo daga hannun masu gyaran shekarun 1970, lokacin da babur ba shi da tsada kuma sifanar Whitworth ta fara wuya. Shi ya sa masu farfaɗo da babura ba sa rabuwa da ɗan ma'aunin ƙirga haƙori, kuma ba sa sa sifana sai ƙusa ta shiga da yatsu.

Kaya iri uku

Mai neman kayan gyara hanya uku ce a gabansa. Ta farko tsohon ajiya, wato kayan da masana'anta ta ƙera tun tana raye amma ba a taɓa ɗaura su ba, suna nan cikin kwalinsu da takardar maiƙo. Su ne mafi tsada. Amma su ma ba a rufe ido a ɗauka, domin roba tana bushewa ta tsage ko ba a taɓa ta ba, ƙarfe yana tsatsa a cikin kwali, wani kayan ma abin da ya sa ya kwana a kanta shi ne an taɓa gwada shi ya ƙi zama.

Ta biyu na hannu, wanda aka kwance daga wani babur. Na asali ne, sai dai ya sha aiki, kuma sai an auna kafin a san sauran ransa.

Ta uku kwafi, wanda wani kamfani ya ƙera daga baya. A nan ake samun na ƙwarai da ya fi na asali inganci, a nan kuma ake samun na banza. Babbar matsalar kwafi ita ce abin da aka kwaikwaya. Wanda ke da zanen masana'anta na asali yana yanka ƙarfe a kan ma'aunin da injiniya ya rubuta. Wanda ba shi da shi tsohon kaya yake samu ya auna, kuma tsohon kayan ya riga ya ci. Wani ya zo ya kwafi wannan kwafin, kuskure ya hau kan kuskure, har a samu madigadin da raminsa ya kauce da rabin inci, ko salansar da ke gugar sandar birki.

Ko na ƙwarai ne, ba kasafai yake zama haka nan ba, domin tun asali ba a ƙera waɗannan babura don a ɗauko a ɗaura ba. A masana'antun Ingila akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan, su goge nan, su sa siririn ƙarfe can, su zaɓi fistin da ya dace da silinda. Sabon kaya yana zuwa ne kamar rigar da tela ya yanka bai ɗinke ba. Bushin tagulla idan aka buga shi cikin mazauninsa yana matsewa, sai an bi cikinsa da abin gurza a hankali har sandar da za ta zauna ciki ta shiga da turin babban yatsa. Zoben fistin sai an sa shi cikin silinda shi kaɗai an auna tazarar bakinsa, an goge da zarto in ta yi kaɗan, domin idan inji ya yi zafi ƙarfe yana buɗewa, bakin zoben ya haɗe ya karye. Silindar da ta ci ana gurje ta a sa fistin mai ɗan girma, mataki-mataki, in matakan sun ƙare a dasa mata sabon bututu a koma ma'aunin farko.

Daga nan ne wata ƙa'ida ta samo asali a wajen masu wannan aiki: a haɗa babur gaba ɗaya tun ƙarafan suna tsirara, a tabbata kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa, sannan a sake kwancewa a kai fenti. Wanda ya yi fenti da farko zai ƙare yana huda sabon tanki mai ƙyalli.

Abin da ke ɓoye cikin inji

Injinan Triumph masu silinda biyu, zuriyar Speed Twin da Edward Turner ya zana a 1937, ba su da matatar baƙin mai irin ta yau. A cikin karanshaf akwai wani ɗan bututu da aka ɓoye. Idan inji yana juyawa, ƙarfin juyin yana wurga dattin mai cikin wannan bututu ya taru. Bayan shekaru sai dattin ya daskare ya toshe hanya, mai ya daina isa ga sandar fistin, sandar ta kama, wani lokaci ta karye ta fasa buloki ta fito. Kafin a kai ga bututun sai an raba injin gida biyu, an huda inda aka dandaƙe bakin murfinsa, an kwance shi da ƙyar. Babur zai iya sheƙi daga waje, an zuba masa sababbin kaya na dubban fam, amma in ba a buɗe wannan wuri ba aikin bai kammala ba.

Wani lokaci kuma kayan asali ne ke da laifi. A 1972 Norton ya fito da injin Combat a babur ɗinsa Commando, aka ƙara masa ƙarfi, sai boris ɗin karanshaf ya riƙa lalacewa bayan 'yan dubban mil. Kamfanin ya yi asara mai yawa kafin ya koma wani boris da aka fi sani da Superblend. Yau babu mai hankalin da zai mai da na farkon don kawai shi ne na asali.

Haka batun wuta. Yawancin waɗannan babura kayan lantarkin Lucas na Birmingham suke ɗauke da su, masu bolt shida a tsofaffin, da magineto mai ba fulogi wuta ba tare da batir ba. A cikin magineto akwai kwandansa da aka binne a tsakiyar naɗin waya. In ta tsufa, babur zai tashi lafiya da sanyin safiya, amma in ya yi zafi aka kashe shi sai ya ƙi tashi har ya huce. Maganinta sai a warware naɗin a sake, aikin da masu iya shi 'yan kaɗan ne. Wasu sukan zaɓi na'urar wuta ta zamani irin ta Boyer Bransden su ɓoye ta ƙarƙashin murfi, har akwai masu ƙera magineto na zamani da kamannin tsohon.

Kafireton Amal, ƙirar Monobloc ta tsakiyar shekarun 1950 da Concentric ta 1967, an zuba jikinsa da ƙarfe mai laushi, abin da ke hawa da sauka a cikinsa yana cin jikin har iska ta riƙa shiga ta gefe, inji ya ƙi tsayawa daidai. Sa'ar da aka yi ita ce sunan Amal bai mutu ba. Kamfanin Burlen da ke Salisbury yana ƙera su sababbi har yanzu.

Akwai kuma canjin da doka da zamani suka tilasta. An daina sayar da fetur mai dalma a gidajen man Birtaniya daga shekarar 2000, sai aka koma dasa wa bawul mazauni mai tauri. A Satumbar 2021 fetur mai kashi goma na sinadarin etanol ya zama na yau da kullum, kuma wannan sinadari yana narka tankunan faiba irin na wasu Commando na farko, yana cin tsofaffin robobi da tiyo. Takalmin birki na da da asbestos ake yin sa, an haramta shi. Ruwan kadmiyom da ake yi wa ƙusoshi an taƙaita shi saboda guba, sai a yi musu na tutiya ko a sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Ko mutum ya so, akwai abubuwan da ba za su koma yadda suka fito daga masana'anta ba.

Daga Redditch zuwa Madras

Wani reshe na wannan tarihi a Indiya ya yi jijiya. Bayan sojojin ƙasar sun yi odar babur ƙirar Bullet 350 daga Royal Enfield ta garin Redditch, sai aka kafa Enfield India a 1955 tare da kamfanin Madras Motors. Da farko a akwati ake kawo kayan a haɗa, daga baya aka sayar musu da injinan ƙira, zuwa 1962 komai a Indiya ake yin sa. Uwar kamfanin ta mutu a Ingila, 'yar ta ci gaba da ƙera babur ɗin shekarun 1950 kusan ba canji har bayan shekarar 2000, tun ƙarshen shekarun 1970 ma tana sayar wa Ingila.

Wannan ya sa mai tsohon Bullet ɗan Redditch yana iya samun kaya da yawa sababbi daga Indiya, sai dai ya kula, domin can ma an yi ta ƙananan canje-canje, daga baya aka koma ma'aunin milimita. Bayan haka maƙeran Indiya masu bugun ƙarfe da guduma sun shiga yin tankuna da madigadi da akwatunan kayan aiki na BSA da Norton da Triumph, suna aikawa ko'ina a duniya. Sun ceci babura da yawa da ba a samun tankinsu ko da kuɗi. Masu saye kuma sun koyi su cika tankin da ruwa su ga ko yana yoyo, su aza shi kan firam su juya kan babur hagu da dama, tun kafin mai fenti ya gan shi.

A Ingila ma masu kayan gyara ne suka gaji masana'antun. Da John Bloor ya sayi sunan Triumph a 1983, sai ya ba Les Harris, mai sana'ar kayan gyara a garin Newton Abbot, izinin ci gaba da ƙera Bonneville. Daga 1985 zuwa 1988 Harris ya yi ta fitar da su, da birkin Brembo na Italiya da wasu kayan Jamus, saboda da yawa daga cikin masu yi wa Meriden kaya sun riga sun rufe. Kamfanin Andover Norton kuma, wanda aka kafa a 1977, shi ke riƙe da zanen Norton na asali, yana ƙera kayan Commando a kansu.

Gobarar 2003 da gardamar asali

Ranar 16 ga Satumbar 2003 gobara ta tashi a gidan tarihin babura na ƙasa da ke kusa da Birmingham, wanda Roy Richards ya buɗe a 1984. Ta cinye uku daga cikin zauruka biyar, ta shafi babura kimanin 380. Alminiyon ya narke, tayoyi da kujeru suka zama toka, firam suka lanƙwashe. Cikin wata 15 aka sake buɗe gidan, a ranar 1 ga Disambar 2004, da yawa daga cikin baburan da suka ƙone suna tsaye suna ƙyalli. Da babu masu zuba ƙarfe da masu ɗinka sifokin taya da masu naɗa magineto da wannan kasuwa ta raina shekara da shekaru, da hakan bai yiwu ba.

Sai dai irin wannan aiki yana tayar da tsohuwar gardama. Idan an canja tanki da tayoyi da rabin inji, me ya rage na babur ɗin da aka sani? A shekarun 1980 da 1990 abin yayi shi ne a mai da babur ya fi sabo kyau, a yi wa abin da masana'anta ta bari da fenti ruwan kurom, a goge alminiyon har mutum ya ga fuskarsa. Daga baya ra'ayi ya juya. A Janairun 2018 aka yi gwanjon wani Vincent Black Lightning na 1951 a Las Vegas, wanda Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostireliya a 1953, mil 141.5 a awa. An gyara cikinsa don ya yi tafiya, amma fentinsa ya koɗe, jikinsa duk tabon tsere, kuma ba a taɓa su ba. Dala 929,000 aka saye shi, kuɗin da ba a taɓa ba da shi kan babur a gwanjo ba kafin nan.

Ƙungiyar FIVA ta duniya mai kula da tsofaffin ababen hawa ta fitar da Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a Janairun 2013. Abin da ta nema shi ne a adana abin da za a iya adanawa, a rubuta duk abin da aka canja, a kuma yi canjin ta yadda na gaba zai iya warware shi. Masu bin wannan hanya sukan ajiye tsohon kayan da suka cire a kwali, ya bi babur duk inda aka sayar da shi.

Inda kuɗi ya shigo kuwa 'yan damfara ba sa nisa. Lambar inji da ta firam su ne shaidar babur, kuma an sha kama waɗanda suka goge lamba suka buga wata don ƙaramin babur ya zama mai tsada. Tun 1969 Triumph ya fara buga ƙananan tambarinsa a wurin da ake sa lambar inji don a gane in an taɓa. Littattafan da masana'antu irin su Triumph da BSA da Norton suka rubuta ranar da kowane babur ya fita da dilan da aka kai wa a cikinsu suna hannun Vintage Motor Cycle Club a Burton upon Trent, can ake zuwa a tantance.

Layi ya zo kan baburan Japan

Baburan da suka kashe kasuwar Ingila su ma yanzu sun tsufa. CB750 na farko-farko, kimanin 7,000 da aka zuba bulokinsu da wata hanya daban kafin a kammala injinan ƙira, sun zama abin nema ruwa a jallo. Tarihi ya maimaita kansa: a 1986 David Silver ya fara bin dilolin Honda yana sayen tsofaffin kayan da suka kwanta musu, kasuwancin da ya girma a garin Leiston, haka kamfanin CMS a Lelystad ta ƙasar Holan. Su ma baburan Japan suna da nasu tarkon. Sukurorinsu masu kan gicciye an yi su ne a kan ma'aunin Japan, sau da yawa da ɗan ɗigo a kai, kuma sukundireban Phillips yana zamewa a cikinsu ya cinye kan. Duk bakaniken da ya taɓa fama da murfin injin tsohuwar Honda ya san wannan ciwo ko bai san dalilinsa ba.

A nan labarin ya iso gida. Honda Roadmaster da Benly da Vespa da Suzuki da Yamaha da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka hau a Kano da Zariya da Katsina a shekarun 1970 da 1980 sun haura shekara 30 da FIVA take ɗauka a matsayin ma'aunin abin hawa na tarihi. Ƙwarewar da ake biya da tsada a Ingila tana nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, inda ake zuba alminiyon, a gurza bushi, a ɗinka waya, a tayar da injin da aka fid da rai da shi. Kasuwar Nkwo ta Nnewi kuma ta daɗe tana cika ƙasar da kayan babura, na waje da na gida. Bambancin shi ne a nan ana gyara ne don babur ya fita neman abinci gobe, don haka in tankin Jincheng ya hau, an wuce wurin. Tun da baburan Sin da Bajaj na Indiya suka cika kasuwa da araha, tsofaffin na Japan da Italiya suna komawa zaure da bayan gida, daga nan 'yan gwangwan su ɗora su a kan sikeli. Dilolin Birmingham sun yi irin wannan a shekarun 1970, kuma kayan da suka sayar a kan awo su ne jikokinsu suke nema yau a kasuwar Stafford, suna biyan ɗaruruwan fam kan murfi guda.